Alƙalamin Feshi da Rundunar Kan Tebur

Kusan duk mai wasan yaƙin kan tebur yana da wani kwali da ba ya so baƙo ya buɗe. Sojojin roba ne a ciki, ya saya da tsada, ya harhaɗa su da gam, amma har yau suna nan da launin tokar da suka fito da shi daga masana'anta. 'Yan wasan da kansu suna kiran wannan kaya "tulin abin kunya". Wanda bai san da tulin nan ba, ba zai gane yadda aka yi alƙalamin feshi ya mamaye wannan sha'awa ba.

Wasan ya tsufa. Tun 1913 marubucin Ingila H. G. Wells ya wallafa Little Wars, inda ya tsara ƙa'idojin kara sojojin wasa a daɓen ɗaki. Amma kamfanin Games Workshop, wanda aka kafa a Landan a 1975, yanzu kuma yake zaune a Nottingham, shi ya mai da abin babbar kasuwa da wasan Warhammer a 1983, sai Warhammer 40,000 a 1987. Tsawon soja ɗaya milimita 28 ne ko ɗan fiye, bai kai babban yatsa ba. Runduna kuwa tana iya kai soja hamsin ko ɗari, ga tankoki, ga motocin sulke. Mai aiki da buroshi zalla sai ya share watanni bai gama ba.

Alƙalamin feshi ba don wasa aka ƙirƙiro shi ba. A Amurka ya bayyana, ƙarshen ƙarni na 19, masu gyaran hoto kuma su suka fara cin moriyarsa. Ɗan'uwan bindigar feshin masu fentin mota ne, sai dai kaurinsa bai wuce na biro ba. Injin iska yana turo iska ta tiyo, fenti yana cikin ɗan kofi a sama, allura kuma ta toshe wata kafa mai faɗin milimita 0.2 zuwa 0.5. Ka danna kunama, iska ta fito. Ka ja ta baya, allura ta janye, fenti ya biyo iska. Yatsa ɗaya ke riƙe da ragamar biyun, kuma a nan sabon shiga yake shan wuya. Fenti ya yi kauri, kafa ta toshe, ya riƙa tofi. Ya tsinke da yawa, ya bazu a jikin soja kamar ƙafafun gizo-gizo. Ana cewa a tsinka shi ya koma kamar madara, amma madara ma ai iri-iri ce, sai hannu ya saba. Bayan kowane zama ga wanki, a kwance allura a goge, in ba haka ba gobe aiki ya tsaya.

Abin da wannan kaya ya fi ƙwarewa a kai shi ne haske. Dabarar da ta fi yaɗuwa ita ce a rufe soja duka da baƙi, sannan a tsaya daga samansa a fesa fari, kamar rana ce ta take tsaka. Kai da kafaɗu su yi fari, hammata da ƙasan riga su zauna cikin duhu, tsakani kuma ya narke ba tare da iyaka ba. Sai a bi da launi mai ruwa-ruwa wanda ba ya rufe abin da ke ƙarƙashinsa. Cikin minti kaɗan an samu inuwar da mai buroshi zai yi shafe goma kafin ya kusance ta. Da Games Workshop ya fito da fentinsa na Contrast a 2019, wanda ake shafawa sau ɗaya ya taru a lunguna, dabarar ta ƙara karɓuwa, don aikin biyun ya dace da juna.

A kan motocin yaƙi babu gardama. Faffaɗan sulke yana tona asirin buroshi, kowane zane sai ya nuna. Tarihi ma yana bayan mai feshi. A Fabrairun 1943 tankokin Jamus suka fara fitowa da ruwan ɗorawa mai duhu, a ba sojoji kore da ja mai ruwan ƙasa su tsinka da ruwa ko fetur, su yi wa motarsu ɓad-da-kama a fagen daga, sau da yawa da bindigar feshi. Wanda ya fesa wa ƙaramar tankarsa ta Panther rodi-rodi mai laushin baki, aikin da aka yi wa ta gaske ya maimaita.

Inda nake da ja shi ne abin da ya biyo baya. Salon da ake dangantawa da Sifaniya, wanda sunan Mig Jiménez ya fi fice a cikinsa, yana haskaka tsakiyar kowane falle na sulke, ya duhunta gefensa, sannan ya ɗora tsatsa, ƙura da ƙujewa. A hannun gwani abin kallo ne. A hannun masu kwaikwayo kuwa tankar da ta yi wata uku a fage sai ta koma kamar wadda ta shekara talatin a bola, kowane falle yana ƙyalli da tasa ranar. Ido ya fara gajiya. Rundunar wannan da ta wancan sun zama Hassan da Hussaini, don narkewar launi da a da take shaidar haƙurin mutum yanzu kowa yana samunta da injin iska. Hoto ma ya ƙara dagula lamarin: ana fenti don kyamarar waya da za ta matso dab, alhali a tebur daga nisan kamu uku ko huɗu ake ganin soja, inda tsayayyen layi da bambancin launi suka fi laushin inuwa tasiri.

Masu cewa feshi maguɗi ne ba su taɓa kwana suna faɗa da toshewar allura ba. Amma dubi kayan da ke cin gasar fenti ta Golden Demon, wadda ake yi tun 1987: ko an fara da feshi, ido da leɓe, bakin takobi da ɗinkin riga, buroshi ne yake ƙarasa su. Iska ba ta iya ɗiga ƙwayar ido.

Mai niyyar farawa ya sayi takunkumi mai tace iska tare da injin, ya buɗe taga, don ƙurar fenti ko ta mai ruwa ce huhu take nufa. Ya fara gwaji a kan cokulan roba, ya bar tankar da ya saya da tsada sai yatsansa ya san kunama.