Jinjina ga Mai Ɗaura Koriyar Waya

A Amurka, inda sanyin hunturu kan sandarar da rigar da aka shanya a igiya, yawancin gidaje da injin busar da tufafi suke dogaro. Injin nan kuwa akwai ci. Volt 240 yake sha a layinsa shi kaɗai, da bireka mai amfiya 30 da wayar tagulla mai lamba 10. Wanda nake yi wa jinjina shi ne mai aikin wutar da ke durƙusawa a bayan injin, cikin ƙura da burbushin auduga, tocila a baki.

Kafin 1996, filogi mai ƙafa uku aka saba sa wa injin, farar waya ɗaya tana aiki biyu: ta mayar da wuta, ta kuma tsare ƙarfen jikin injin. Ranar da ta kwance, jikin ya ɗauki wuta, mai wanki ta dafa da jiƙaƙƙen hannu, sai dai Allah ya kiyaye. Dokar wayoyin lantarki ta shekarar ta ce sabon aiki sai ƙafa huɗu: baƙa da ja masu wuta, fara, sai koriya mai kai ɓatacciyar wuta ƙasa.

A nan ake gane gwani. Akwai wani ɗan siririn ƙarfe da ke haɗa mazaunin farar waya da jikin injin. Mai gaggawa yakan bar shi, tunda injin zai juya lafiya lau. Gwani yakan cire shi, ya ɗaure koriyar a kan ƙusarta tam, ya auna da mita, sannan ya ɗaga bireka.