Waiwaye a kan wasan ƙungiyar Yazi Dogo ta Damagaram

Waiwaye adon tafiya. Duk wanda ya zauna a Gidan Matasa na Damagaram wajejen 1980 ya san irin cinkoson da ake yi idan ƙungiyar wasan kwaikwayo ta gidan rediyon ORTN za ta hau dandali. Jagoranta Yazi Dogo malamin lakwal ne, kuma abokan wasansa, irin su Umaru Naino, ba da teyatur suke ci ba. Akasarinsu malamai ne da ma'aikatan gwamnati, waɗanda sai sun tashi daga aiki da la'asar suke haɗuwa don gwaji.

Ba su da rubutaccen wasa. Sukan tattauna jigo, su tsara fitowa-fitowa, su raba wa kowa halin da zai ɗauka, sannan kowa ya nemo maganarsa da bakinsa. Wata mai bincike daga Amurka, Janet Beik, ta bi diddigin wannan salo a 1980 da 1981, ta kuma fitar da littafi a kansa a 1987, inda ta ɗauke shi a matsayin adabin baka na zamani.

Ƙarfin wasan yana cikin waɗannan gajerun fitowa. Ga alhajin birni da ke lissafin riba alhali tasbaha na hannunsa. Ga boka mai cika baki. Ga ma'aikacin biro da ke cusa Faransanci cikin Hausa domin ya razana baƙauye, baƙauyen kuwa ya juya kalmar yadda kunnensa ya ji ta, ma'ana ta kife, jama'a su fashe da dariya. Ƴan wasan ba su ƙago waɗannan mutane ba. Da su suke kwana suke tashi, wasu ma suna zaune cikin ƴan kallo. Da yake babu takarda da ta ɗaure harshe, ɗan wasa yakan saurari jama'a: in raha ta karɓu ya ja ta, in ta mutu ya sake hanya. Shi ya sa wasa guda ba ya fitowa iri ɗaya a dare biyu.

Raunin kuwa yakan bayyana a ƙarshe. Bayan juyin mulkin 15 ga Afrilu 1974, gwamnatin Seyni Kunce ta farfaɗo da Samariya, daga 1976 kuma aka shiga yin bikin matasa na ƙasa, inda jihohi ke gasa a gaban alƙalai da hukumomi. Teyatur ya samu dandali da gata, amma ya ɗauki kayan faɗakarwa. Sau da yawa, bayan ƴan kallo sun riga sun yanke wa azzalumi hukunci da dariyarsu, sai wani mai iko, sarki ko alƙali ko jami'i, ya fito ya warware rikici, ya karanto darasi. A nan harshe yakan yi sanyi, wasa ya koma jawabi. Abin da raha ta nuna a fakaice, wato cewa mai iko ma yana da nasa laifi, sai jawabin ya lulluɓe shi.

Duk da haka, adalci ne a tuna da zamanin. A ƙarƙashin mulkin soja, wannan rufewa ta ladabi ita ce kuɗin fito da ya ba ƴan wasa damar taɓa cin hanci da fin ƙarfi a tsakiyar wasa. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya.

Ƙungiyoyin al'adu da malaman da ke shirya wasa a makarantu suna da abin ɗauka a nan. An fi gadon jawabin ƙarshe, domin shi ne mai sauƙin koyo, shi ne kuma masu ba da tallafi ke so. Abin da ya fi wuya shi ne kunnen da ƙungiyar Damagaram take da shi: sauraron yadda mutane ke magana a kasuwa, a biro da a zaure, da yarda cewa ɗan kallon da ya yi dariya ya riga ya fahimta.