Sharhi a kan "Baba of Karo": Ina Matan da Suka Yi Dakan?

'Yan uwana ɗalibai, a ɗakin karatu na jami'armu a nan Ingila na fara ganin littafin "Baba of Karo", kuma abin kunya, ban taɓa jin labarinsa a gida ba. Baba mutuniyar ƙasar Zazzau ce, an haife ta a 1877, ta rasu a 1951. Daga ƙarshen 1949 zuwa farkon 1950 ta zauna a Giwa tana ba wata Baturiya, Mary Smith, labarin rayuwarta da Hausa. Ita kuwa ta rubuta, ta mayar da shi Turanci, aka buga a Landan a 1954.

Baba ba 'yar sarki ba ce. Ungozoma ce, ta yi aure sau huɗu, Allah bai ba ta haihuwa ba, sai riƙon 'ya'yan dangi. Mun saba jin tarihi daga fada da fagen yaƙi, ita kuwa daga tsakar gida ta ba da nata: kaɗi, daka, girki, ƙawance da biki. Ko zuwan Turawa da mudun mata ta auna shi, wato an daina sace mata da yara a kai su kasuwa. A nan littafin ya ciri tuta.

Amma fa yana da giɓi. Kakannin Baba Barebari ne masu rinji, kuma bayinsu, maza da mata, su ke noma musu gandu. Waɗannan mata su ne asalin masu aikin ƙarfi, ga fartanya ga goyo, sai dai daga bakin 'yar iyayen gijinsu kaɗai muke jin labarinsu. Mijin marubuciyar, M. G. Smith, ya nuna cewa bayan an hana bauta mata da yawa sun bar gona sun shiga kulle, don noma ya zama alamar bauta a wurinsu. Da ɗayarsu aka zauna da ita, da wani littafi dabam muke karantawa.

Ban gama ɗora wa littafin laifi ba sai na tuna da gidanmu. Mahaifina yana iya jero kakanninmu maza har bakwai, da garuruwan da suka zauna. Amma mahaifiyarsa, wadda ta shekara talatin tana matsar man gyaɗa da suyar ƙuli-ƙuli, wadda da ribar adashinta aka saya masa littattafan makaranta, ba ta cikin lissafin. Iya muke ce mata saboda alkunya, har ta koma ga Allah ban san sunanta na yanka ba. Sai bara na tambaya a waya, da ƙyar wata gwaggona ta faɗa mini. Laifi tudu ne, na taka nawa na hango na wani.

Don haka ku nemi littafin ku karanta, ya cancanta. In kuma kun je hutu gida, ku shimfiɗa tabarma kusa da tsohuwar da ta rage, ku kunna waya ku ɗauki maganarta. Ku tambaye ta sana'arta, da ta uwarta, da sunayensu. Allah Ya jiƙan magabatanmu, amin.