Gwanin da Ke Gefen Fili: Mai Cajin Batirin Jiragen Rimot

Idan ƙaramin jirgi mai rimot ya tashi yana juyi a sama, idon kowa yana kan mai tuƙi. Ni kuwa wanda ya fi burge ni shi ne mutumin da ke zaune gefen fili da cajarsa da wayoyinsa, domin aikinsa lissafi ne da haƙuri, kuma kuskure ɗaya a wurinsa gobara ce.

Batirin da waɗannan jirage da motocin tsere masu rimot suka fi amfani da shi ana kiransa LiPo. Ƙwayoyi ne a jere cikin ƙunshi ɗaya. Kowace ƙwaya tana cika a kan bolt 4.2, kuma ba a barinta ta sauka ƙasa da 3.0. Ƙunshi mai ƙwaya uku ana rubuta masa 3S, cikarsa 12.6, mai shida 6S ne, cikarsa 25.2. Gwani ba ya danna maɓalli sai ya ga adadin ƙwayoyin da caja ta ƙirga ya dace da wanda ke jikin batirin. Yana kuma duba nau'in da ya zaɓa, don wanda ya yi cajin LiPo da tsarin batirin NiMH ya gayyato wuta da hannunsa.

Sai zancen wat, inda ake gane ƙwararre. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce 1C: batir mai 5000mAh a ba shi amfiya 5. In 6S ne, a ninka 25.2 sau 5, a sami wat 126. To, tsohuwar cajar nan iMax B6 da ta raini masu farawa da yawa, ƙarfinta wat 50 ne kawai. Ko ka umurce ta da amfiya 5, kusan 2 za ta iya bai wa wannan batir. Sabon shiga sai ya ce caja ta lalace, alhali iyakar ƙarfinta ke nan. Mai sani tun kafin ya saya ya gama wannan lissafin, har ya ƙara wa na'urar da ke ciyar da cajar rarar kusan kashi 20 cikin ɗari saboda abin da ke salwanta ya koma zafi.

A nan ne masu wannan harka suka yi wata dabara da nake jinjina mata. Yawancin manyan cajoji ba sa shan wutar soket kai tsaye, sai an sauya musu ita. Maimakon sayen na'ura mai tsada, sai suka koma ga na'urorin ba da wuta na tsofaffin kwamfutocin sabar, irin HP DPS-1200FB, mai ba da bolt 12 da wat 1200. Wasu kan haɗa biyu a jere su sami bolt 24, amma sai sun raba layin ƙasa na ɗayar da gangar jikinta, in ba haka ba su haɗa tartsatsi. Wannan ba aikin koyo a rana ɗaya ba ne.

Cajin kansa kamar cika tulu ne: a kwarara da ƙarfi, in an kusa baki a rage hannu. A lokacin nan siraran wayoyin daidaito suna gadin kowace ƙwaya, kada wata ta wuce 'yan uwanta.

Abin da ya rage tarbiyya ce. Batirin da ba za a yi aiki da shi ba kwana kusa, a ajiye shi a kan 3.8 kowace ƙwaya. Wanda ya kumbura ya gama aiki. Ana caji a kan siminti ko cikin jakar da ke tare wuta, da bokitin yashi a kusa, ba a kan katifa ba, ba kuma cikin motar da ta sha rana ba.

Mai karatu, in za ka shiga wannan harka, ka fara da zama kusa da mai caja, ka koyi lissafinsa kafin ka taɓa rimot.