Zaurance da Asalin Kalma: Wani Giɓi a Manhaja

Kuskure ne ɗaukar zaurance a matsayin wasan yara kawai. Ko Esperanto da Zamenhof ya fitar a 1887 bai tsiro daga babu ba, domin kalmarsa ta "domo", wato gida, daga Latin aka aro ta. Zaurance kuwa bai ma yi aro ba. A wani nau'insa "gida" kan koma "gibidaba": saiwar tana nan, gaɓa aka cusa mata. Duk wanda ya iya wannan ya riga ya san iyakar gaɓar Hausa, ko da bai san sunanta ba. A Lafiya, inda ɗalibai da dama ke zuwa aji da Eggon ko Alago a bakinsu, malamin da ya hana zaurance ya jefar da hanya mafi sauƙi ta koyar da tsarin gaɓa.