Kishin Sega Da Nintendo

'Yar uwa, ashe kishi ba a gidan aure kaɗai yake ba, har kamfanonin wasan gem na Japan sun taɓa shi. A 1991 Sega ya fito da Sonic, bushiya mai ɗan karen gudu, ya dinga habaici a talla wai Mario na Nintendo sanyin jiki gare shi. Yaran Amurka suka rabu biyu, kowa na kare na'urarsa.

Ni kam na buga duka. Sonic akwai burgewa, amma kina tsaka da gudu sai ki afka kan ƙayar da ba ki hango ba, haba! Mario kuwa sannu yake koya miki tsalle kafin ya kai ki bakin rami.

A 2001 Sega ya daina ƙera na'ura. Sonic ya tare a ɗakin kishiya.