Dariyar Ranar Idi: Wa Ake Yi wa?

Littafin Notre-Dame de Paris, wanda Victor Hugo ya wallafa a 1831, ya fara ne da ranar 6 ga Janairu 1482, ranar da Idin Sarakuna ya haɗu da Idin Wawaye a birnin Paris. Jama'a suka gaji da wasan kwaikwayon Gringoire mai cike da wa'azi, suka koma gasar murtuke fuska domin naɗa Fafaroman Wawaye. Quasimodo, kurma mai ƙusumbi da ke kaɗa ƙararrawar coci, shi ya ci gasar, alhali bai murtuke komai ba, halittarsa ce haka.

Idin Wawaye ba ƙagen Hugo ba ne. Ƙananan limaman coci kan naɗa bishop na wasa, su kwaikwayi manyansu, har Majalisar Coci ta Bâle ta yi tir da al'adar a 1435. Asalin wasan shi ne ƙarami ya ɗana kujerar babba na yini guda. Gwanintar Hugo ita ce nuna yadda dariyar kan sauka daga kan babba ta faɗa kan mai rauni. Quasimodo na bisa karaga yana jin daɗi, bai san ba'a ake yi masa ba, mai karatu kuwa ya sani.

Yahudawa ma suna da irin wannan rana, wato Purim, a 14 ga watan Adar. Ana karanta littafin Esta, duk inda aka ambaci Haman, wazirin da ya ƙulla hallaka su a Farisa, sai a yi ta ƙara domin a danne sunansa. A wasu makarantun addini ɗalibai kan naɗa malamin wasa ya kwaikwayi malamansu. A nan azzalumi da mai iko ne abin dariya.

Raunin babin Hugo shi ne ya tsaya kan mutum guda, bai kai ga al'ummar da aka mai da abin wasa ba. A bikin karnabal na Roma, tun daga 1466, ana tilasta wa Yahudawa tsere a titi domin nishaɗin ƴan kallo, sai a 1668 Fafaroma Clément IX ya soke tseren, ya maye gurbinsa da haraji. Abin da ya zama biki ga wasu, wulaƙanci ne ga maƙwabtansu.

Malamin da ke koyar da wannan babi yana da ma'auni a kusa. Ɗalibin da ya san tashe na watan azumi, da wasan taubasantaka, ya san cewa barkwanci na gari yana da sharaɗi: wanda aka tsokana yana da ikon ramawa. Quasimodo bai samu wannan iko ba, haka ma Yahudawan Roma. Tambayar da ta cancanci a aza wa aji ita ce: in an tashi daga wasan, wa zai koma gida da kunya?